Amarya a Garwa: gidan surukai ko gidan haya?

Yarinyar da aka ɗauko daga Kano ko Yola aka kawo Garwa da ke arewacin Kamaru, zaɓi biyu ne a gabanta: ta tare a babban gida tare da uwar miji, ko maigida ya kama musu haya su kaɗai.

Ni dai na fi son ta fara da babban gida, ko da na shekara guda ne. Hausa tana yi mata aiki a unguwa, amma a kasuwa da gidan biki Fillanci ne ke tafiya, a asibiti da ofis kuma Faransanci. Wa zai koya mata? A tsakar gida ake tsintar Fillanci, wajen wanke-wanke da gaishe-gaishe. Nan facaloli za su nuna mata lissafin sefa, kuɗin ƙasar, kada mai kifin tafkin Lagdo ya cuce ta, su koya mata miyar yakuwa irin ta nan. Idan zafin Maris da Afrilu ya sauko, ya haura digiri 40, ko ciki ya zo da laulayi, akwai mai cewa sannu. Sai dai ido yana da yawa, girki ma sai an tanka, wata surukar kuma sai haƙuri.

Gidan haya akwai sirri da sakewa, tukunyarki taki ce. Amma da zarar maigida ya fita, sai kaɗaici da waya. Ga takardar izinin zama, tunda Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kuma zirga-zirgar neman takardar ta fi sauƙi idan akwai ɗan gida mai jin Faransanci da zai raka ta.