Fentin guwash na Winsor & Newton: ko ya ci kuɗinsa ga ɗalibin ajin farko a kwas ɗin zayyana?

Ranar farko ta kwas ɗin zayyana na ajin ɗaya, wanda ɗalibai ke kira 2D, malami kan raba takardar dokoki da jerin kayan da za a saya: rular ƙarfe, wuƙar yanka takarda, tabarmar yanka, fensira, gam, kwali, sai fenti. Fentin ne ke lashe rabin kuɗin, kuma sunan da ake yawan gani a jerin shi ne Designers Gouache, wato guwash, fentin ruwa mai kauri da ke rufe farin takarda ruf, na kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832. Da yake kaya ne na shigowa, farashinsa na bin canji, shi ya sa ɗalibi kan tsaya yana tunanin ko fentin fosta na kwalba zai yi masa.

Sai an san abin da kwas ɗin ke nema kafin a yanke wa fentin hukunci. Ba hoton mutum ko na bishiya ake zanawa ba. Layi ne, siffa, haske da duhu, daidaito, da yadda launi ke zama kusa da ɗan'uwansa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda. Tsarin ya samo asali daga darasin share fage na makarantar Bauhaus da aka buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, inda Johannes Itten ya koyar. A irin wannan aji kaso mai yawa na maki yana kan tsaftar hannu. Ranar duba aiki ana kafe komai a bango, malami da 'yan aji su ja da baya su kalla, sannan su matso. Idan murabba'in da ya kamata ya zama shuɗi bai ɗaya yana nuna sawun buroshi, ko gefensa ya yi gemu, ba wanda zai tsaya yaba dabarar da ke cikin aikin. A nan guwash ya yi fice: idan an dama shi daidai yana bushewa sumul, ba ƙyalli, kamar an buga shi da inji.

Abin da ke riƙe garin launin a cikinsa ƙaro ne, wannan dai na itacen dakwara da ake tsinka a Sudan da Chadi da Yobe da Jigawa, wanda alarammomi ke sa wa tawada don ta kama takarda. Duk halin fentin daga nan ya fito. Ƙaro na narkewa da ruwa ko bayan ya bushe, don haka fentin da ya ƙafe a faranti ba asara ba ne, ɗigon ruwa zai tashe shi. Amma kuma ɗigon gumi ɗaya a kan aikin da aka gama zai bar tabon da ba ya gyaruwa.

Fentin na zuwa a bututu irin na man goge baki, mai mililita 14. Fari ana samunsa a babba mai 37, kuma babban ya kamata a saya tun farko, domin fari ke fara ƙarewa, sau da yawa kafin a taɓa rabin sauran. Kada a ruɗu da akwati mai launuka barkatai. Biyar sun isa zango guda: Primary Yellow, Primary Red, Primary Blue, baƙi da fari. Malamai da yawa ma kan hana amfani da kore ko shunayya na bututu, tunda haɗawar ita ce darasin. Jan nan ya karkata zuwa ruwan hoda mai duhu, shuɗin kuma zuwa kore-kore, da gangan aka yi su haka. Idan aka haɗa su, shunayya na fita tas. Wanda ya yi arha ya sayi ja mai kama da tumatir zai samu ruwan ƙasa ne a gurbin shunayya, saboda rawayar da ke ɓoye cikin jan na kashe shuɗin. Inda jan Primary ya gaza shi ne wajen ja mai zafi: sai an ɗiga masa rawaya kafin ya yi kama da abin da ido ke kira ja.

Fari iri biyu ne, kuma ana yawan saya a makance. Zinc White na haɗi ne, yana sassauta launi ba tare da ya mayar da shi kamar alli ba. Permanent White ya fi rufewa, shi ke ɓoye kuskure ko ya hau kan baƙi. Idan aljihu ba zai ɗauki biyun ba, ɗalibin da aikinsa haɗa launi ne ya ɗauki na farko.

Damawa ita ce inda yawanci ake faɗuwa. A matso kamar ƙwayar wake biyu, a riƙa sa ruwa ɗigo-ɗigo ana juyawa har ya kai kaurin kindirmon da aka burga, yana bin buroshi amma ba ya zuba. In ya tsinke kamar koko, farin takarda zai leƙo kuma launin ya yi dabbare-dabbare. In ya yi kauri kamar tuwo, zai bar kunya-kunya, bayan ya bushe kuma ya tsattsage da zarar an lanƙwasa kwalin. Buroshi mai faɗin baki na roba, kamar milimita 12, shi ne na cike fili. A ja shi gefe ɗaya, kowane layi ya ɗan hau kan na baya tun yana ɗanye, a wuce. Komawa kan wurin da ya fara shan iska shi ke ɓata aiki. Idan shafi ɗaya bai rufe ba, a jira ya bushe ƙarau, a yi na biyu a gicciye, hannu sau ɗaya kawai, in ba haka ba ruwan sama zai tayar da na ƙasa.

Aikin matakalar toka-toka, mataki tara daga fari zuwa baƙi, shi ne ke tona asirin fentin da na ɗalibin baki ɗaya. Guwash ba ya bushewa da launin da aka gan shi a jiƙe: masu duhu kan ɗan yi haske, masu haske kan ɗan yi duhu. Wanda ya zana gidaje tara a takarda ɗaya ya shiga cikewa kai tsaye zai tarar mataki na huɗu da na biyar sun zama tagwaye, na bakwai kuma ya yi tsalle. Hanyar da ke fitarwa ita ce a yanka takardu kamar talatin, santimita biyar-biyar, a fente kowacce da haɗi dabam, a bar su su bushe, a baje a tebur, a kanne ido a zaɓi taran da tazararsu ta yi daidai, a yanke gefunansu da rular ƙarfe a liƙa. Daga fari ake farawa ana ƙara baƙi da kan tsinke. Rabi da rabi ba ya ba da toka ta tsakiya, baƙi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Haka shuɗin Primary yake, ɗan mitsitsi na rinjayar tulin rawaya, kuma yana rina gashin buroshi. Sannan baƙi in an haɗa shi da rawaya kore yake bayarwa, abin da ke ba sababbin ɗalibai mamaki duk shekara.

Daga wannan sauyin bushewa ne wata matsalar ke fitowa, wadda ta shafi dokar ranar miƙa aiki. Launin da aka haɗa yau, da wuya a sake haɗa irinsa sak gobe. Don haka a dama fiye da buƙata, a adana ragowar a ƙaramin roba mai murfi. Galibin malaman sitidiyo, wato ɗakin aikin zane, kan rage maki ga aikin da ya makara, wasu ba sa karɓa sam idan ya wuce zaman duba aiki, kuma "fentina ya ƙare a tsakiyar fili" ba uzuri ba ne a wurinsu.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu fentin na yin ɓawo a faranti kafin a gama gida biyu, sai an ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa a kusa, a kuma kashe fanka lokacin cike babban fili. Da damina kuwa, wanda aka rufe a jiƙe kwanaki da yawa yana iya yin fumfuna. Takarda mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ko kwalin Bristol mai kauri da santsi, ake so. Ta kwafi za ta kumbura ta yi tudu da kwari, ruwa ya taru a kwarin ya bushe da zobe.

Akwai abin ƙorafi. Wani lokaci da an buɗe sabon bututu ruwan ƙaro ne zalla ke fara fitowa saboda ya rabu da garin. A zura tsinken sakace a juya, kada a zubar da shi. Murfin kuma yana kamawa idan fenti ya bushe a maƙogwaron, kuma murɗa shi da ƙarfi na yaga bututun. A tsoma kan a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, a saba da goge bakin kafin rufewa. Ba kowane launi ke jure hasken rana ba: kamfanin na sa alama a jiki, daga AA mai daɗewa zuwa ƙasa, kuma wasu launukan hoda masu ɗaukar ido suna kodewa. Ga aikin aji wannan ba komai, ga wanda za a ajiye a jakar nuna gwaninta abin dubawa ne. Wasu launukan guwash na ɗauke da sinadarin kadmiyam mai guba, wannan na cikin dalilan hana ci da sha a sitidiyo, da hana gyara bakin buroshi da leɓe.

Fentin fosta fa? Yana yi wajen gwaji da zanen farko, kuma ya kamata a yi gwajin da shi don a tattala mai tsadar. Amma an cika shi da abin ƙara auki mai kama da alli, haɗinsa na fita a dusashe, yana kuma bin yatsa. A aikin jera launuka goma sha biyu a da'ira, bambancin a bayyane yake ko daga can ƙarshen ɗakin aji. Guwash mai akirilik, wato mai gam na roba a maimakon ƙaro, irin na kamfanin Holbein, ba ya tsoron gumi bayan ya bushe, sai dai abin da ya ƙafe a faranti ya tafi ke nan, buroshin da aka manta ma haka. Ga mai koyo da ke lissafin kowane ɗigo, na Winsor & Newton ya fi rangwame, kuma ya ci kuɗinsa matuƙar an tsaya a bututu biyar ɗin nan. Da an gama aiki a liƙa masa siririyar takarda daga sama ta baya, ta rufo fuskar kamar labule, domin ko gugar wani kwali a cikin jaka na barin ƙyalli a kan baƙi.