Bayan Tube Kaki: Rawani ko Majalisa?

A Kebbi mun ga hanyoyin biyu. Manjo Janar Muhammadu Magoro, ɗan Zuru, siyasa ya shiga, ya zama sanatan Kebbi ta Kudu a 2011. Majalisa tana da ƙarfin kasafi da doka, amma shekara huɗu ce, kuma wanda ya saba ba da umarni sai ya koma roƙon ƙuri'a rumfa-rumfa.

Manjo Janar Muhammadu Iliyasu Bashar kuwa rawani ya ɗaura, Sarkin Gwandu tun 2005. Ni nan na fi karkata. Sarki ba shi da bataliya, amma hakimai da dagatai na kawo masa labarin kowane ƙauye kafin ya kai bariki. A yankin da 'yan bindiga suka hana noma, tsohon soja ya san abin da zai yi da irin wannan labari.