Ganuwar dutse ta Caherconnell: ziyarar da ta fi armashi da ɗan jagora

A yankin Burren na gundumar Clare, a yammacin ƙasar Ailan, akwai wata tsohuwar ganuwar dutse mai siffar zobe da ake kira Caherconnell, wadda aka buɗe wa baƙi tare da ofishin tarbarsu, wurin shan shayi da kuma masu zagayawa da mutane. Shawarata ga duk mai niyyar zuwa ita ce kada ya shiga shi kaɗai, ya bi ɗan jagora, domin a bayaninsa ne darajar ziyarar take.

Faɗin da'irar ya kai kimanin mita 42, katangar kuma ta kai mita 3 a kauri da tsayi a wasu wuraren. Idan mutum ya matsa kusa zai ga babu laka babu siminti, an dai jera duwatsun farar ƙasa ɗaya bisa ɗaya, an cusa ƙanana a tsakanin manya, nauyinsu kaɗai ya riƙe su tun ƙarni na 10. Sai dai wanda ya tsaya a kallon katanga zai ɗauka sansanin yaƙi ne. Ɗan jagora ne ke nuna harsashin ɗakunan da ke ciki, ya fahimtar da baƙo cewa gidan masu hali ne, manoma masu dukiyar dabbobi, waɗanda aka ci gaba da zama a gidansu har farkon ƙarni na 17, lokacin da akasarin irin waɗannan gidaje suka daɗe da zama kufai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin ya dogara ga haƙar da aka yi a wurin ƙarƙashin jagorancin Dakta Michelle Comber ta Jami'ar Galway. An tono duwatsun niƙa, gululun kaɗi da duwatsun ado, an kuma samu wani alƙalami na ƙashi mai bakin tagulla a cikin ƙasar da aka danganta da ƙarni na 11, wanda ake ɗauka shi ne alƙalamin tawada mafi tsufa da aka gano a Ailan. Wannan ɗan ƙaramin abu ya sauya mini kallon gidan gaba ɗaya, tunda yana nuna rubutu bai tsaya a hannun malaman coci kawai ba.

Ana kuma nuna yadda karnukan kiwo ke tattara tumaki da umarnin makiyayi, kuma yara na jin daɗin hakan ƙwarai.

Mai neman katanga mai tsayi zai fi gamsuwa da ta Staigue a gundumar Kerry, wadda ta wuce mita 5. Ƙasar Caherconnell tana da gargada, duwatsun kuma na santsi idan an yi ruwa, don haka a zo da takalmi mai riƙo da rigar ruwa. Kabarin dutse na Poulnabrone yana da nisan kusan kilomita 1 kawai, ana iya haɗa su a fita guda.