Bambar Bitil ɗin Baba: a gyara ko a sauya?

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ka ce ya bar muku Bitil ɗinsa, tsohuwar motar nan ƙirar Volkswagen, a gidanku da ke ƙauye ta wajen Ringim, kun samu bakanike ya tayar da inji, amma bambar gaba da ta baya duk sun dushe, tsatsa ta fito musu kamar ƙyanda. Wasu sun ce a kai a sake musu kurom, wato rufin ƙarfen nan mai ƙyalli, wasu sun ce a cire a sayo sababbi, kai kuma ka rasa wadda za ka ɗauka. Na daɗe ina bugun jikin mota, kuma irin wannan bamba ta sha wucewa ta hannuna, don haka bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Kafin ka saurari kowa, ɗauki sifana ka kwance bambobin biyu, ka kifa su a kan tabarma a tsakar gida. Bayansu za ka duba. Fuskar bamba tana da kariya, bayanta kuwa kusan tsirara yake, kuma nan ne laka take maƙalewa. Duk damina motar ta bi hanyar fadama, taɓo ya cika kwarmin, ya riƙe danshi kwana da kwanaki, tsatsa ta ci daga ciki tana fitowa waje. Kankare lakar, ka riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da kan sifanar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Inda yake da rai zai amsa da kaifi, inda ya mutu za ka ji shi dum kamar tsohon kwano, ɓawo yana zubowa. Ka fi mai da hankali wajen ramukan noti, inda bamba ke haɗuwa da ƙarfen da ke riƙe ta. Ta baya ma ta fi shan wahala, domin injin Bitil a baya yake, salansa tana hura mata zafi da hayaƙi.

In ƙarfen yana da kauri, bai huje ba, to gyara yana da ƙofa. Amma ka san abin da ake nufi da sake kurom, don kada a sayar maka da wani abu daban. Abin da ke ƙyalli a bamba rufi ne hawa uku a aikin ƙwarai. Ana narkar da tsohon rufin a cire, a miƙe lanƙwasa, a goge ƙarfen, sannan a tsoma shi a kwatami a sa masa wutar lantarki, jan ƙarfe ya hau. Jan ƙarfen nan shi ke cike ƙananan ramukan da tsatsa ta bari, a goge, wani lokaci a sake tsomawa a sake gogewa. Sai nikel, wani farin ƙarfe, ya hau a kai, kuma shi ne mai tsare ruwa, shi ne ma mai yawancin hasken. Kurom ɗin kansa na ƙarshe ne, siriri ƙwarai, bai kai maikuron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali gashin kan mutum yana kai wajen maikuron 70. Aikinsa ya hana nikel dushewa, ya ba shi wannan ɗan shuɗin da ido ke so. Rufi ba ya ɓoye aibi. Duk ƙarzanen da aka bari a ƙarfe zai fito a sama, har ya fi fitowa. Shi ya sa yawancin kuɗin wannan aiki na guga ne, na hannun mutum.

Wannan ba aikin bakin titi ba ne. Yana son kwatami mai tsawon da zai haɗiye bamba sukutum, da wuta tsayayya, da sinadarai masu haɗari. Ruwan kurom na tsohon salo guba ne, an tabbatar yana jawo ciwon daji, shi ya sa ƙasashen Turai suka matsa masa da doka. Don Allah kada wani ya ce zai haɗa maka shi a bayan gida kusa da rijiya. In ka samu mai yi a birni, tambaye shi hawa nawa yake yi, ka ce ya nuna maka kwatamin, ka ce ya nuna maka aikin da ya yi ya shekara. Wanda ya sani ba zai ji haushi ba.

Na taɓa shiga wannan rami da kaina. Wani bawan Allah ya kawo mini motarsa, na aika da bambarta wani wuri da aka yaba mini. Ta dawo cikin kwana uku tana walƙiya, har yara suna leƙa fuskarsu a ciki. Damina ɗaya, sai ga ta tana kumbura. Na sa farce, abin ya saɓule kamar ɓawon gyaɗa soyayye, ƙasansa fila ce, abin da muke cike ramin jikin mota da shi, da fenti. Fesa mata fentin silba suka yi. Ni na biya mutumin daga aljihuna, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci, saboda sun ƙarje ainihin nikel ɗin da giranda kafin su fesa, sun kashe abin da ya rage mai kyau. Duk wanda ya ce maka zai yi kurom da gwangwanin feshi, fenti yake nufi.

To sauyawa fa? Nan hanya uku ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai sabuwar bamba mai araha ta kwaikwayo. Bitil mota ce da aka ƙera fiye da miliyan 21, ba a daina ba sai 2003 a Meziko, don haka har gobe ana buga mata kaya. Sai dai mai arahar ƙarfenta siriri ne, rufinta ma na rowa, sau da yawa babu jan ƙarfe a ƙasa, nikel ɗin ɗan kaɗan. Ɗaga ta da hannu ɗaya, ka ɗaga ta Baba da ɗaya hannun, za ka ji bambancin ba sai an faɗa maka ba. A kanti ta fi kowace kyau, amma ita ce ta fi saurin tsatsa.

Akwai ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake haɗawa da kurom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100 a jikin ƙarfen kansa, irin na tukwanen silba masu kyau. Ana buga wa tsofaffin motoci irinta, da yawa daga Biyetnam. Ba ta da rufin da zai ɓare. In ta ƙarzu sai a goge ta dawo. Haskenta ya ɗan fi na kurom ɗumi, mai ido zai gane, kuma da tsadarta ga kuɗin kawowa. Amma ga motar da za ta riƙa bin hanyar Gujungu da damina, in dole sai an sauya, ita zan zaɓa. Masu Fijo ma su lura a nan: bambar 404 da ta tsofaffin 504 irin wannan ƙarfe ce tun daga kamfani, guga kawai take so, ba tsomawa ba. Na ga mutane suna neman mai kurom a kan abin da tsumma da man goge ƙarfe za su gama.

Ta uku ita ce tsohuwa ta asali daga wata Bitil da ta mutu. An haɗa waɗannan motoci a Legas tun daga 1975, malaman makaranta da ma'aikatan gona suka saye su da bashin mota, saboda haka gawarwakinsu suna nan a bayan gidaje. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka bar saƙo wajen 'yan gwangwan. Sai dai ka tafi da bambarka a hannu, ko ka auna tazarar ramukan noti da igiya, domin bambar Bitil ta sauya siffa wajen 1968, daga siririya mai lanƙwasa zuwa mai faɗi, kuma ƙafafunsu, wato ƙarafan da ke riƙe su a jikin mota, ba ɗaya ba ne. Ita ma ka kifa ta ka ƙwanƙwasa kafin ka yi ciniki. Wannan matsalar zama daidai tana damun sababbin ma: sau da yawa sai an faɗaɗa rami ko an tanƙwara ƙafa, alhali ta Baba tana komawa mazauninta ba gardama.

Batun kuɗi, kada ka ɗauka gyara ne mai sauƙi. Kurom na gaskiya yakan fi sabuwar bamba mai araha tsada, ga kai da kawowa, ga jira. Abin da kake saye da shi shi ne kaurin ƙarfen da, da zama daidai, da kuma cewa wannan ce bambar da mahaifinka ya riƙa jingina a kai yana gaisawa da mutane bayan sallar Juma'a. In wata rana za a sayar, masu neman tsohuwar mota sun fi daraja kayanta na asali.

Ni dai, daga yadda ka kwatanta, ƙyanda-ƙyandan tsatsa ba ɓarewa ba, ina kyautata zaton ba ka kai ga ko ɗaya ba tukuna. Gwada wannan da farko. Wanke bambar da ruwa da sabulu. Samo takardar alminiyam irin wadda ake naɗe nama, ka dunƙule, ka tsoma a ruwa, ka riƙa murzawa a hankali. Ta fi kurom laushi, ba za ta ƙarje shi ba, amma tana ɗauke jan tabon da ya malalo daga ƙananan ramuka. Za ka ga ruwan ya koma baƙi, ka share, haske ya fito. Kada ka bari yara su sa mata yashi da toka kamar tukunya, kada samfefa ta taɓa fuskarta, kuma ka nisanta ta da ruwan batir. Bayan nan ka shafa man goge mota ya toshe ramukan. Bayanta kuwa ka kankare da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka sa jan fentin hana tsatsa, in ya bushe ka bi da giris. Ramukan ba za su ɓace ba, amma daga taku uku ba mai ganin su, kuma tsatsar za ta tsaya.

In ka ƙwanƙwasa ta baya ka ga ta huje a wajen noti, sauya ita kaɗai, ka bar ta gaba. Wadda ka cire kuma kada ka ba 'yan jari-bola a kan kuɗin kilo. Shafa mata baƙin mai ka rataye a rumbu, ko don awo. Sannan ka duba inda motar take kwana. In ɗaki ɗaya take da buhunan takin zamani, ko awaki suna kwana a gindinta, fitar da ɗaya daga ciki yau, domin taki da fitsarin dabba suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Ka kwance su ranar Asabar, ka zo mini da labarin yadda bayan ya amsa sifana.