Neman kakan da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba

Jama'ar gida, musamman mutanen Katsina da Daura da ke yawan tambaya kan kakanninsu da aka ɗiba soja zamanin yaƙin Hitila, ga yadda abin yake a nan Landan.

A unguwar Kew akwai gidan adana takardun gwamnatin Ingila. Shiga kyauta ne, katin karatu ma kyauta, sai dai a nuna shaida biyu, ɗaya ta suna, ɗaya ta adireshi. Ka cike lambar fayil a kwamfuta, yawanci kafin awa guda an ajiye maka shi a akwatin da ke ɗauke da lambar kujerarka. Takardar da wani hafsa ya rubuta a dajin Kaladan na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a 1944 ce a hannunka, fes, ba ɓarnar gara, ba ta ruwa. Babu mai ce maka maigida ba ya nan, babu mai jiran na goro. Biro haramun ne a ɗakin, fensir kaɗai, amma ka ɗauki hoto da wayarka son ranka. Ba sa buɗe ɗakin karatu Lahadi da Litinin. Kundin da ya shafe mu shi ne WO 172, rahoton yau da kullum na rundunonin da suka yi yaƙi a can, ciki har da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

To amma a nan takaicin yake. Idan Bature ya faɗi, za ka ga sunansa da muƙaminsa. Namu kuwa sau da yawa ƙidaya ce kawai: an kashe mutum kaza, kaza sun jikkata. Da yawa ma ba harsashi ne ajalinsu ba, zazzaɓin cizon sauro ne da atini, kuma rahoton ba ya tsayawa a kansu.

Don haka a fara da shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wanda ko daga Kofar Soro ana iya buɗe shi a waya. Wanda ba a ga gawarsa ba, sunansa na jikin bangon tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Wasu kuma suna kwance a Chittagong, Bangladesh ta yau. Matsalar ita ce sau da yawa akawun soja ba ya rubuta sunan uba, gari yake liƙa wa mutum. Musa Katsina, Audu Daura, ga su nan birjik, an kuma karkatar da rubutun, Mamman ya koma Momo ko Mama. In babu lambar soja da bataliya, lalube ne cikin duhu. Kada a dogara da lambar yabo ta Burma Star, ba a zana suna a jikinta ba.

Lambar sojan nan a gida take, in ba mu yar da ita ba. Wasiƙar sanar da rasuwa, takardar biyan haƙƙin mamaci, littafin sallama na abokin tafiyarsa da ya dawo. Mu kuwa adaka ce a ƙarƙashin gado, gara ta gama da ita, ko a raba gado a share takardu a ƙone, wai tarkace. Abin da ciwo. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je ya gai da sojojin nan a Bama, amma jikokinsu ba su san bataliyarsu ba.

Duk da haka akwai abin da Kew ba ta da shi. A Daura tsohuwa za ta shimfiɗa maka tabarma, ta dama fura, ta faɗa maka ranar da aka tafi da shi, da wanda suka tafi tare, da wanda ya kawo labarin rasuwar. A je wurinta da waya a naɗi muryarta, a tambayi ofishin 'yan mazan jiya na jiha, a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, sannan a turo wa na nan.