Ofishin zanen gine-gine da ya tsara mana gida a ƙauye

Bayan ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa da dama a yankin Ringim, har da sashen mahaifiyata, na ƙudura cewa ba zan bar wa birkila shi kaɗai tsarin sabon ginin ba, sai na nemi wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine a Dutse. Yanzu damina biyu ke nan muna cikin gidan.

Kafin mai zanen ya ja layi ko ɗaya, sai da ya zo ƙauyen, ya zauna a kan tabarma, ya tambayi Hajiya inda take ɗora tukunya, da inda ake shanyar hatsi, da inda awaki ke kwana. Wannan ne ya sa bai kawo mana irin gidan birni da baƙo ke faɗawa falo kai tsaye ba. Ya bar zaure a mazauninsa, ya karkatar da hanyar shiga yadda wanda ke waje ba zai hango tsakar gida ba, ya ɗaga harsashin ginin har gwiwa, ya sa tagogin ɗakuna suna kallon juna kudu da arewa, sannan ya zarto da bakin kwano don kada ruwan da iskar gabas ke korowa ya riƙa dukan filasta. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san dalilin da tsofaffi ke kewar soron tubali da azara. Ɗakunanmu ba su kai soro sanyi ba, amma da yake silin yana da tsawo, ana yin ƙailula ba tare da fanka ba.

Falon ne ya ba ni haushi, domin sun kafa masa ƙatuwar tagar gilashi tana kallon yamma. A takarda ta yi kyau, ni ma na yaba, amma daga la'asar ba ya zaunuwa sai an saki labule mai kauri.

Duba aiki kuma sau uku kawai suka zo, alhali a baki mun yi da su za su tsaya a kan kowane mataki, har birkila ya kusa rage rodin linta ba don ƙanena ya lura ba. Zan iya tura ɗan'uwa wurinsu, da sharaɗin a rubuta adadin zuwan duba aiki a cikin yarjejeniya kafin ya biya kafin alƙalami.