Shagon likitan dabbobin da ya duba min kanarina lokacin da gashinsa ke zuba

Jama'a masu kiwon tsuntsaye na ce bari na zo na ba ku labarin wani shagon likitan dabbobi da na je nan cikin Kano, don ni dai gaskiya na ji daɗin aikinsu, kuma na san akwai da yawa cikinmu da idan kanari ya fara ciwo sai dai mu zuba ido muna kallo har ya mutu saboda muna ganin ba wanda zai saurare mu kan ɗan tsuntsu.

Kanarin nan shekararsa huɗu a hannuna, irin namu ne na gida mai rawayan ƙirji, kuma duk wanda ya taɓa kwana gidanmu ya san shi don ana idar da sallar asuba yake farawa. To farkon sanyin bara sai ya yi shiru. Da farko ban damu sosai ba saboda kanari dama yana sauya gashi sau ɗaya a shekara, yakan ɗauki kamar sati 6 zuwa 8 kuma a lokacin yakan rage kuka ko ya daina gaba ɗaya. Amma sauyin gashi na lafiya ba ya barin fata a waje, tsoho na faɗuwa sabo na tsirowa. Nawa kuwa bayan wuyansa ya zama tal, ƙarƙashin fiffike ma haka, kana ganin jar fata, ga susa ba dare ba rana, da daddare sai in ji yana ta faɗi-tashi cikin keji kamar ana korarsa. Da safe kuma ya kumbura jiki ya zauna wuri ɗaya ido a lumshe. Wallahi ranar da na gan shi a ƙasan keji maimakon kan sanda hankalina ya tashi.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce in shafa masa man ja, wani ya ce toka, wani ya ce in ɗan yayyafa fiya-fiya a kejin, wani kuma ya ce in sa masa maganin kaji a ruwa. Wani abokina mai tantabaru ne ya ce in bar duk wannan in kai shi wajen likitan da ke duba masa nasa.

Shagon ba wani babba ba ne, gaba kanti ne na magunguna da abincin kaji, ciki kuma ɗan ɗaki da tebur. Na ɗauka za a yi min kallon wanda bai da aikin yi, don a gabana wani ne da rago, a bayana wata Hajiya da kwalin 'yan tsaki. Da layi ya zo kaina likitan ya ce "Malam shigo da shi ciki, rufe ƙofar, kashe fankar nan." Tun daga nan na san na zo wajen da ya dace.

Bai taɓa tsuntsun ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Me yake ci, ina ake rataye kejin, akwai kaji ko tantabaru a gidan, na kawo sabon tsuntsu kwanan nan? Nan ne fa gabana ya faɗi, don wata biyu kafin nan na sayo wani kanarin a kasuwa da kejinsa na gora, na rataye su gefe da gefe. Sannan ya sa hannu ya kamo shi a hankali, kan ya leƙo tsakanin yatsu biyu, ya hura gashin ƙirjin ya nuna min ƙashin ƙirji yadda ya fito kamar bakin wuƙa, ya ce ramewa ce. Ya kara shi a kunne ya saurari numfashi, wai akwai wasu ƙwari da ke shiga hanyar iska ta kanari su sa shi yin wani ƙas-ƙas in yana numfashi, alhamdulillahi nawa ba shi da wannan. Ya duba ƙafa ko akwai ɓamɓaroki, babu. Sai ya ɗauko ɗan sikeli irin na masu saida gwal, ya sa shi cikin ƙaramin kwali ya auna, giram 11.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ba ni magani ranar ba. Ya ce bai ga komai a jikin tsuntsun ba amma yana zargin abin a keji yake. Ya ce in je gida in lulluɓe kejin da farin ƙyalle da magariba, da asuba kafin gari ya waye in ɗaga in haska da tocila in duba. Na yi hakan da wani tsohon farin ɗankwali na maman yara. Jama'a! Ɗigo-ɗigo ja kamar an barbaɗa garin barkono, kuma suna motsi. Na danne ɗaya da farce sai ga jini a ƙyallen. Na zare sandar da yake tsayawa a kai, bakinta inda take shiga jikin gora cike yake da su da wani abu kamar toka.

Na koma da ƙyallen a leda. Ya ce to ga su nan, irin jajayen ƙwarin nan ne da ke addabar kaji a akurki, ba a jikin tsuntsu suke zama ba shi ya sa in ka duba da rana ba ka ganin komai, suna ɓuya a tsagar itace sai dare ya yi su fito su sha jini su koma. Daga ƙwai zuwa babba kamar kwana 7 ne kawai, kuma suna iya yin watanni a ɓoye ba su ci komai ba, don haka ajiye keji a rana kwana biyu ba ya kashe su. Tsuntsu mai giram 11 jinin nawa gare shi da za a riƙa zuƙa kullum, shi ya sa ya rame ya yi laushi.

Maganin da ya sa masa ivermectin ne, wanda da yawanmu mun sani don shi ne ake rabawa mutane a ƙauyuka da sunan Mectizan, kuma shi ne ake yi wa raguna da shanu allurarsa. Amma ya ja min kunne sosai, na dabbobi da ke kanti mai kashi 1 cikin ɗari ne, na ƙananan tsuntsaye kuwa kashi 0.1 ne, wato na raguna ya ninka shi ƙarfi sau goma, in ka ɗiga shi haka nan za ka iya kashe tsuntsun. Shi da kansa ya haɗa daidai nauyinsa, ya buɗe gashin bayan wuya ya ɗiga ɗigo ɗaya a fata. Ya ce in dawo da shi duk sati har sau uku, in kawo ɗayan kanarin ma.

Sauran aikin nawa ne a gida. Kejin gora guda biyu na ƙone su, duk da na fi son su don sun fi kyau, na sayi na waya. Duk bayan kwana uku in fitar da tsuntsu in wanke keji da tafasasshen ruwa, in shafa basilin a bakin sanda ta kowane gefe don ƙwarin su maƙale. Ƙusar da nake rataye keji ma sai da na canza mata wuri don bangon yana da tsaga. Da na tambaye shi zancen fiya-fiya sai ya ce ko kusa, har maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta ya ce a nisanta da shi, huhun kanari ba ya ɗaukar hayaƙi, shi ya sa a Ingila masu haƙar kwal suke shiga rami da shi don ya fara nuna alamar iska mai guba, sai 1986 suka daina.

Abinci kuma ya ce gero da acca kaɗai ba sa gina gashi. In riƙa dafa ƙwai sosai in murmushe rabin ƙaramin cokali in ba shi, in kwashe ragowar bayan awa biyu kar ya lalace, da ɗan latas da aka wanke da gurzajjen karas, ɓawon ƙwan kuma a daka masa. Ban da piya, guba ce ga tsuntsu. Da yake lokacin hunturu ne ga fata a waje, da daddare ɗaki nake shigar da shi.

Inda suka gaza kuwa, na farko ba su da ivermectin ɗin tsuntsaye da aka riga aka haɗa a kanti, dole sai likitan yana nan, kuma zuwana na biyu na yi fiye da awa ɗaya ina jira ya tafi gona duba shanu, yaron shagon bai iya ce min ga lokacin da zai dawo ba. Na biyu wajen jira ɗaya ne da masu kaji marasa lafiya, ni dai a waje na tsaya da kejina a lulluɓe don tsoron kar ya kwaso wani abin. Sannan ba sa rubuta maka komai, duk bayanin nan da baki ne, sai da na riƙa rubutawa a waya. Kuɗi kam ba su tsawwala ba, duk zuwan da na yi bai kai abin da na sayi sabon keji ɗaya ba.

Dare na uku bayan ɗigon farko ya yi barci shiru, ba faɗi-tashi. Wajen sati na uku na ga wasu tsinke-tsinke farare suna fitowa a bayan wuyan, na ɗauka wani ciwon ne na ɗauki hoto na tura wa likitan ta WhatsApp, ya ce sabon gashi ne a cikin kubensa, in sa masa ruwan wanka a faranti da hantsi in rana ta ɗaga. Zuwan ƙarshe da aka ɗora shi a sikeli giram 12 da ɗan ɗori. Kuka dai sai da ya kusa wata biyu, wata safiya ina alwala na ji ya ɗan gwada can ƙasa-ƙasa, ya tsaya, ya sake. Yanzu har yau duk daren Juma'a ina lulluɓa masa farin ɗankwalin nan, da asuba in ɗaga in haska.